Cigiyar Bijimin Surukina

Ni mutum ne mai aƙida: abin da na fara ranar Asabar sai ya hau intanet ranar Lahadi, ko da gyara ko babu. Haka na haɗa ɗan shafin cigiyar dabbobi domin mutanenmu na Yako. Don gwaji na sa hoton bijimin surukina Alhaji, na rubuta "ya ɓata". Na tura wa 'yan gari shafin a waya, na miƙe ƙafa ina jiran yabo. Hoton gwajin kuwa ban cire ba.

Kafin la'asar babura sun cika ƙofar gidan Alhaji. Har daga Dangora aka zo jaje. Wani dattijo yana cewa, "Allah Ya bayyana shi, Alhaji," bijimin kuwa yana bayansu a turke yana cin harawa.

Aka aiko kirana. Na durƙusa na yi bayani. Alhaji ya ce, "Madalla. Tashi ka maimaita wa baƙi."

Shafin na nan, har awaki an gano da shi. Amma har yau in na gaishe da Alhaji sai ya ce, "Lafiya lau, Injiniya. Bijimi ma yana nan, ko za ka leƙa?"