Yadda Ake Cin Darasin Addini da Ƙafafun Jaki

Kai ɗan ajin ƙarshe da ka sha ƙasa a gwajin darasin addini, har ana batun ka ƙare hutu a aji, share hawayenka. Ga hanya garanti. Wai-lok, ɗalibin wata makarantar Katolika a Hong Kong, ya bi ta, kuma yana nan da ransa.

1. Nemi aikin da babu hadda

Sista Fung, malamar addini, ta ce duk wanda ya fito a wasan kwaikwayon ƙarshen zango zai sami ƙarin maki. Labarin Basamariyen nan ne da ya tsinci wanda 'yan fashi suka yasar a hanya, ya ɗora shi a jakinsa. Kada ka yarda a ba ka Basamariye, magana ce shafi guda. Wai-lok ya ɗaga hannu.

"Sista, ni jaki."

Ta leƙo shi ta saman tabarau. "Na daɗe da sani. Gaba ko baya?"

"Baya, Sista."

Magabata sun ce ba a taɓa jin ƙafar jaki ta yi tuntuɓen harshe ba.

2. Kada ka tambayi wa za ka ɗauka

Tambaya ita ke kawo hawan jini. Ka-ming aka ba majinyacin, yaron da ke tashi da kwano biyu na taliya ya ce ɗanɗanawa ya yi. Lokacin gwajin wasan filo ake ɗorawa a madadinsa, shi yana gefe yana tauna. Wai-lok har rawa yake da filon.

3. Yi wa kakarka bayani a dunƙule

"Kaka, wasan nan gaba ɗaya ni ke ɗauke da shi."

Ka ga ai bai yi ƙarya ba. Tsohuwar ba ta taɓa taka coci ba, turare take kunna wa kakanni kowace safiya, amma ranar wasa sai ga ta a layin gaba da lema, da fulas ɗin romo, da duk ƙawayenta na motsa jikin asuba.

4. Riƙe ƙugun na gaba, ka tuna duk addu'ar da aka koya maka

Cikin rigar jaki duhu ne da zufa. Wai-lok ya duƙa ya kama ƙugun abokinsa Chi-hang mai riƙe da kai. Sai ya ji an sauke masa wani abu kamar firiji.

"Chi-hang, bayana!"

"Yi shiru, jaki ba ya magana."

Taku kaɗan, jaki ya rabe biyu. Gaba ya ci gaba da tafiya abinsa, baya ya baje, Ka-ming na kwance a kai ido rufe, don an ce masa kada ya motsa. Basamariye kuwa ya juya ga jama'a ya soma zuba haddarsa kan tausayi.

Kaka ta gane takalman da ke harbin iska, ita ta saye su. Kafin a ankara ta haye dandamali, ta mirgine Ka-ming, ta jawo jikanta ta ƙafa, ta ɗana wa Basamariye lema a gadon baya.

"Kai ɗan nan! Mutum na mutuwa a gabanka kana surutu?"

Ta zuba wa Wai-lok romo, ta zuba wa Ka-ming, wanda nan take ya warke ya nemi ƙari.

5. Tsaya ka karɓi hakkinka

Sista Fung ta hau dandamali tana share hawayen dariya da gefen lulluɓinta, ta yi tambayar da aka shirya rufe wasan da ita: "To, wane ne ya zama maƙwabci na gari ga wanda ya faɗi a hanya?"

Zauren ya amsa da murya ɗaya: "Kakar jaki!"

Cikakken maki na Kaka ne, in ji Sista. Wai-lok ya matso yana dafe da ƙugu.

"Sista, ni fa? Ai ni na kawo ta."

"Rabin jaki, rabin maki."

Ya haɗa da ɗan abin da ya samu a gwaji, ya tsallake da ƙyar. Hutun kuwa a kwance ya yi shi rub da ciki, Kaka na shafa masa man zafi tana ba maƙwabta labarin yadda ta gyara wa 'yan coci wasansu.

Abin lura: mai wannan shawara ba ya gyaran targaɗe, ba shi da kakar da zai ara maka, kuma in Sista Fung ta tambaya, bai san ka ba.