Fitilar da Na Toshe wa Baki

Allah Ya gani, da yaƙini na yi abin. Wata 'yar fitila mai alamar taya, kamar harafin nun, ta kunnu a gaban sitiyarina. Na zagaya motar, na shuri kowace taya, na yanke hukuncin ƙarya fitilar take yi, na liƙe ta da salatif.

Bayan kwana uku na ɗauko surukina za mu tashar jirgin ƙasa. A Sabon Gari tayar baya ta sace, jirgi ya tafi ya bar shi.

Chinedu mai faci ya ce, "Alhaji, kowace taya akwai na'urar awon iska a cikinta. Tuntuni take kiranka."

Har yau in na ce zan kai surukina unguwa, sai ya ce, "Allah Ya yi albarka, sauri nake. Kira min Adaidaita."