Asusun Kulu da Kuɗin Kabu-kabu

Ba na jin akwai ranar da zan manta da kunyar da na sha a bikin ƙanen matata a Tambuwal. Abin haushin ma, ni na kira kunyar da bakina, a gaban surukina kuwa.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Kebbe, darasin kasuwanci nake koyarwa. Bayan rasuwar matata, ɗiyarmu Hauwa'u, wadda muke kira Kulu, ta koma hannun kakanninta a Tambuwal. Ni kuma na ci gaba da zama a ɗakin haya, daga ni sai katifa da risho da wata rediyo da sai an mare ta take magana. Idan an tashi daga makaranta sauran malamai kowa ya hau mashin ya nufi iyalinsa, ni sai in dafa taliya in ci a cikin tukunyar (wa zai gan ni?), in zauna bakin ƙofa ina kallon shanu suna dawowa daga kiwo.

Da farko duk ƙarshen mako nake hawa kabu-kabu, wato mashin ɗin haya, in je ganin Kulu. Daga baya sai na fara ja da baya. Gidan ne ba na iya shiga. A zauren nan aka ɗaura mana aure, a nan kuma aka yi mata salla. Duk sanda na je sai in dawo Kebbe kamar an yi mini duka. Amma wa zai faɗa wa yarinya 'yar aji uku wannan? Idan na kira wayar kakarta ta karɓa ta ce, "Baba, yaushe za ka zo?" sai in ce, "Kulu, mai ya yi tsada, 'yan kabu-kabu sun ƙara kuɗi. Sai an yi albashi." In an yi albashin kuma sai in ce ruwa ya ɓata hanya.

Don kada a ce ban yi komai ba, sai na ɗauki aikin koya mata sha'anin kuɗi ta waya. Uba ne ni ai, kuma malamin kasuwanci. Na aika aka sayo mata asusun ƙasa a kasuwa. Na koya mata bambancin buƙata da sha'awa: sabulu buƙata, alawa sha'awa. Na ce duk abin da aka ba ta ta kasa uku, na kashewa, na ajiya, na sadaka. Na kuma ja mata kunne cewa mai hankali ba ya tara kuɗi haka kawai, sai ya san abin da yake tarawa dominsa. Ta ce, "To Baba, na gane." Ban taɓa tambayarta ko mene ne nata ba. (Ina can ina jin daɗin muryata.)

Da bikin kawunta Sani ya zo, babu hanyar zillewa. Na ɗinka sabuwar shadda, na sayi hula, na shafa turare, na hau kabu-kabu har Tambuwal, don dai kada a ce mutumin nan ya lalace.

Bayan ɗaurin aure maza suka zauna kan tabarmi a ƙofar gida ana jiran abinci. Surukina, Baba Alhaji, yana gefe da carbinsa. Da ni mai wayo ne da na sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi, na ci shinkafata na tashi. Amma mutumin da ya daɗe yana hira da rediyo, in ya samu kunnuwan mutane ba ya iya yin shiru. Wani dattijo daga Jabo ya fara kukan yaran yanzu, wai ko nawa ka ba su kafin la'asar sun ƙarar a kan katin waya da lemo. Sai na gyara zama.

"Ai laifinmu ne, Baba," na ce. "Ba mu koya musu. Ni ɗiyata tun yanzu ta san ajiya. Ta san buƙata, ta san sha'awa."

Na yi ta zuba kamar ina gaban allo. Da na ga ana gyaɗa kai, sai na ce a kira mini Kulu, ta zo da asusunta.

Ta fito da sabon lalle a hannu, ta rungume asusun a ƙirji. Ta ƙara tsawo, har sai da gabana ya faɗi. Ta durƙusa ta gaida mutane. Na karɓi asusun na girgiza don a ji nauyinsa, aka ce ma sha Allah.

"To Kulu, faɗa wa su Baba, me kike tara wa kuɗin nan?"

A raina na gama shirya amsar: jakar makaranta, ko 'yar akuya. Har na tanadi abin da zan ɗora a kai.

Ta dube ni da murna, ta ɗaga murya yadda na koya mata a yi magana gaban manya.

"Kuɗin kabu-kabu nika tara ma Baba. Shi yac ce ba shi da kuɗin zuwa gida."

Wurin ya yi tsit. Ita kuwa ta ɗauka ba a gane ba ne, sai ta ƙara bayani.

"Na tambayi Kawu Sani nawa a ka biya daga Kebbe. Bai cika ba tukuna. Amma na bar sayen alawa, ita sha'awa ta. Zuwan Baba shi na buƙata."

Na ji dattijon Jabo ya ce, "Allah sarki." Na ga idanu suna sauka kan shaddata, suna hawa kan hulata, suna komawa kan asusun da ke hannuna. Wani saurayi a baya ya toshe baki ya tashi. Na buɗe baki zan ce wasa nake mata, sai na ga tana kallona tana jiran yabo. Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Baba Alhaji bai ko ɗago kai ba. Sai da na je yi masa sallama ya kama hannuna ya danna mini wasu kuɗi a naɗe. "A ƙara na hanya, Malam." Na ce wallahi Baba ina da shi. Ya ce, "Na sani. Riƙe dai." Haka na tsaya, da digirina da turarena, an ba ni kuɗin mota a gidan surukai.

Na shiga ciki gaida kakar Kulu. Labari ya riga ni isa, don mata na ganina suka sauke murya. Inna tana bayan labule, ta amsa gaisuwata, sannan ta ce, "Mun san ba kuɗi ba ne, Malam. Amma marigayiyar nan mu ma ɗiyarmu ce, kuma cikin gidan nan muka kwana muka tashi. Yarinyar nan duk mashin da ya tsaya ƙofa sai ta leƙa."

Ban san yadda na fito ba. A hanyar Kebbe ɗan kabu-kabun yana ta yi mini hirar farashin gero, ni kuwa na ɓoye fuska a bayansa, na bar shi ya ɗauka iska ce ke sa ni hawaye.

Yanzu ina zuwa. Zauren bai daina yi mini nauyi ba, kawai na koyi wucewa da sauri. Har yau akwai masu ganina a Tambuwal su rage murya su tambaye ni ko albashi na fita kuwa, kuma na daina yin musu.

Abin da na koya kaɗan ne. Uzurin da babba ya jefa don a ƙyale shi, yaro ɗauka yake ya tafi neman maganinsa da gaske. Kuma in za ka gwada ɗalibinka gaban jama'a, fara tambayarsa a gefe tukuna.