Haladu Sarkin Sharhi da Yaƙin Murfin Alƙalami

Bayan godiya ga Mai kowa mai komai, wanda ya halicci dogo ya halicci gajere, ya ba wani ƙafa ya ba wani baki, ga tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Haladu ɗan Isyaku ɗan Tukur ɗan Barau, zuriyar da ba a taɓa yin wani aiki a gabanta ta rasa gyara ba. Barau ne ya shekara arba'in a bakin kogin Gongola yana koya wa masunta jifan koma, alhali ruwa bai taɓa wuce idon sawunsa ba. Tukur ya nuna wa 'yan dambe inda ake kai naushi, daga kan reshen tsamiya. Isyaku kuwa har yau tsofaffin direbobi na ambatonsa, don babu kwanar da bai gyara musu ba daga kujerar baya.

Da gadon ya iso hannun Haladu, tela a garin Tudun Kanya, sai ya zaɓi ƙwallon kwando ta zama fagen famansa. Haladu na Delu, ƙaya a tafin koci! Gajere mai hango saman kwando! Harshe ya fi usur kaifi! Daga kan kujerar keken ɗinkinsa, a shafinsa na Fesbuk mai mabiya ɗari biyu da sha ɗaya, ya sallami masu horar da manyan ƙungiyoyin Amurka har su bakwai ba tare da labarin ya kai musu ba. Ya auna matasan 'yan wasan jami'o'in ƙasar ɗaya bayan ɗaya, ya yanke wanda zai zama tauraro da wanda ya kamata ya koma gida ya nemi sana'a.

Amma babu wanda ya ɗanɗani kaifin wannan harshe kamar Koci Ayuba Tanko na Kwalejin Horon Malamai ta Tudun Kanya. Shekara goma sha biyu Haladu yana zama a bayan bencinsa, daidai saitin kunnensa na hagu, yana sanar da shi kurakuransa tun kafin ya yi su. Haka kuma Nafi'u Dogo, ɗalibin shekarar ƙarshe, wanda duk gari ke cewa zai yi nisa. Shi kam Haladu ya rubuta cewa ƙafafunsa na zalɓe ne, hannunsa kuma kamar an wanke da miyar kuɓewa.

To, ranar wata Asabar bayan la'asar, rundunar Kwalejin Noma ta Rafin Marke ta sauka a Tudun Kanya don wasan ƙarshe na cin kofi. Fili ya cika ya batse, masu ganga suka kama gabas, masu ihu suka kama yamma. A gefe kuma ga wani baƙo daga Legas mai baƙin tabarau da ɗan littafi, wanda wata babbar ƙungiya ta aiko ya duba Nafi'u, ko ya cancanci a ɗauke shi. Mahaifin Nafi'u ya baro gonarsa tun da hantsi, ya zauna riƙe da carbi bai ja ko ɗaya ba.

Aka gwabza, aka kai ruwa rana, ƙasa ta girgiza da bugun takalma, har saura daƙiƙa huɗu a tashi, maki sittin da sittin. Nan ne alƙalin wasa ya busa wani usur da Koci Ayuba bai gamsu da shi ba, ya kuwa faɗa masa wata magana game da lafiyar idanunsa wadda marubuta tarihi suka ga ya dace su sakaya. Alƙali ya nuna masa ƙofa, ya ba Rafin Marke jifa ɗaya kyauta, suka jefa ta shiga. Sittin da ɗaya da sittin. Mataimakin koci kuwa yana Azare wajen ɗaurin aure.

Koci Ayuba ya tsaya yana huci. Ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan Haladu, wanda a lokacin yake tsakiyar bayyana wa jama'a cewa shi dama ya faɗa. Sai ya suri ɗan farin allon da ake zana dabara a kai, ya fizgi sabon alƙalamin allo, irin mai kaurin nan, daga teburin Madam Saratu mai rubuta maki, ya danƙa su a hannun tela.

"Malam Haladu, shekara sha biyu kana koya mini aiki. Ga fili ga mai doki."

Ya kaɗa kai ya fita.

Masu riwaya sun haɗu a kan cewa Haladu bai ja da baya ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsallake benci da ƙyar, ya ɗaga hannu sama ya yi tsawa: "A ba mu hutu!" Alƙali ya dube shi, ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa, ya ba shi minti ɗaya. Zaratan samari biyar suka kewaye shi kamar rimaye sun kewaye tumfafiya, gumi na ɗiga a kan hularsa.

Akwai wata dabara da ya ƙirƙira tun shekara tara da suka wuce, ya raɗa mata suna Harbin Kunama, ya zana ta da allin ɗinki a kan yadi fiye da sau ɗari: wannan ya yi hagu, wancan ya tare, ƙwallo ta bi ta bayan kowa ta harbi maƙiya inda ba su zata ba. Yau duniya za ta gani. Ya dafa allo a gwiwa, ya kama murfin alƙalami, ya ja.

Murfi ya ce bai san zance ba.

Ya sake ja. Yatsun da suka sha man tsire a lokacin hutun rabin wasa suka zame suka dawo fayau. Ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya naɗe shi da bakin riga ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga, amma wannan taƙadarin murfi, ɗan ƙasar Sin, kangararre tun daga masana'anta, wanda bai taɓa rusuna wa wani mahaluki ba, ya kafe a kan karagarsa kamar an gina shi da siminti.

"Kawu, saura daƙiƙa talatin," in ji kyaftin. "Me za mu yi?"

"Ku dakata! Ni ne Haladu!"

"Kawu, kawo in buɗe maka," in ji Nafi'u, ya miƙo hannu.

Ina! Jikan Tukur ya miƙa makaminsa ga hannun da shi da kansa ya yi wa shaidar santsi a gaban mutum ɗari biyu da sha ɗaya? Ya maƙe kafaɗa. Ya soke alƙalami a hammata ya ja, allo ya faɗi. Ya buga shi da benci. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa ana iya faɗin dabara da baki, shi da baki ne jarinsa. Daga ƙarshe, da ya ga rundunar yatsu ta watse, sai ya kira dakarun ajiya: ya kafa turamen haƙoransa a wuyan abokin gaba, ya runtse ido, ya tuna iyaye da kakanni, ya yi wani gurnani da aka ji har wajen masu sayar da rake.

Usur ya tashi. A daidai wannan lokaci murfi ya ce ɓas, ya yi tsalle ya bar duniyar alƙalami, bakin alƙalami kuma ya goge leɓen gwarzo daga kusurwa zuwa kunne da shuɗin layi.

"Nasara!" in ji Haladu. "To, ku saurara, kai za ka..."

Ya buɗe ido, babu kowa. Samari sun koma fili. Abin da kawai ya jiyo shi ne muryar Nafi'u yana ce wa kyaftin, "Ka cillo mini sama kawai."

Haladu ya durƙusa ya ɗauko allo don ya ɗaga musu zanen daga nesa. Yana sunkuye, ya ja layi ɗaya ya fara na biyu, sai fili ya fashe da ihun da ya tayar da tattabarun rufin kwaleji. Ya ɗago a firgice. Ƙwallo na gangarowa daga raga, Nafi'u na bisa kafaɗun jama'a, tsohonsa na kuka yana dariya, carbi ya tsinke. Sittin da biyu da sittin da ɗaya. Jifar da za a shekara ana labarinta a Tudun Kanya, kowa ya gan ta har mai rake, ban da Sarkin Sharhi.

Baƙon Legas ya karɓi lambar wayar Nafi'u, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya shirya jakarsa. Da zai wuce ya tsaya gaban Haladu, ya cire tabarau, ya dubi allo mai layi ɗaya da rabi, ya dubi shuɗin leɓe.

"Koci, na yaba," ya ce da Hausarsa ta 'yan kudu. "Ba kowa ke iya yin shiru ya bar yara su yi tunani ba."

Haladu ya gyaɗa kai da nutsuwar manyan sadaukai. "Sai an daɗe ana yi," ya ce.

Har ya fara tsara kanun sharhin da zai girgiza Fesbuk, ya gyara hula zai bi ayarin masu kofi, sai wata inuwa ta tare masa hanya. Madam Saratu ce, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a miƙe.

"Malam, alƙalamina."

Ya miƙa mata cikin girma, kamar mai mayar da takobi kube.

"Ina murfin?"

"Madam, ai a fagen fama..."

"Na kwaleji ne. In ya bushe ni za a tambaya. Duba ƙarƙashin benci."

Ganguna suka yi nisa, suka nufi cikin gari da kofi. A filin da ya zama kango, Haladu ɗan Isyaku ɗan Tukur ɗan Barau yana rarrafe tsakanin ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa, babbar riga na jan ƙasa, Madam Saratu na biye da shi tana cewa, "Ba nan ba, Malam. Matsa hagu."