Yadda Ake Riƙe Fatalwar Gida Kada Ta Gudu

Wanda godiya ke korarsa, rashin godiya kuma ke ƙona masa rai, yaya za ka yi da shi? Shekara talatin da ɗaya ina gadin tsohon gidan sarautar Dunmorrach, na karance duk littattafan da ɓeraye suka rage a ɗakin karatu, ban samo amsa ba. Amma abin da na sani zan koya maka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari fatalwar gidanka ko bakin ƙofa ba za ta leƙa ba.

1. San irin wadda kake da ita

Ba kowace fatalwa ce abin riƙewa ba. Mai yawo da kansa a hammata ba ya tsinana komai. Mai busa sarewa a ƙarƙashin ƙasa kuwa hana barci kawai ya iya. Tamu Mai Koriyar Riga ce, ma'aikaciya. Ka tashi da safe ka tarar an goge matakala ɗari da goma sha biyu, an kwashe toka, an hura wuta. Labarinta baƙi ke zuwa ji, da shi nake cin abinci.

2. Zuba mata madara

A gindin matakala akwai dutse mai rami. Kullum da yamma ka cika shi, ka juya baya kamar ɓari ka yi. Da safe ba ko ɗigo. Matata Ishbel ta ce kyanwa ce ke shanyewa. Kada ka yi gardama. Wanda bai yi karatu ba, kyanwa yake gani.

3. Kada ka gode, kada ka ba da sutura

Nan gidaje ke tafka asara. A Glenvarra wata baiwar Allah ta tausaya wa tasu saboda sanyi, ta ajiye mata riga. Ta saka, ta juya a gaban madubi, ta fice. Yau tumaki ke kwana a falonsu. Ni don gudun kuskure na daina godiya ɗungurungum a cikin gidan, tunda ba ka san wa ke saurare ba. A miƙo min shayi, in yi gyaran murya.

4. Idan wani ya ce shi ne fatalwar, yi haƙuri da shi

Wata Talata ina kwatanta wa baƙi yadda Mai Koriyar Riga ke goge matakala, sai ga Ishbel da bokiti.

"Ka ƙara musu da cewa gwiwarta ta kumbura," in ji ta.

Da suka watse na ce, "Ishbel, kin ɓata min labari."

"Murdo, shekara talatin da ɗaya wa kake zaton yana riga ka tashi?"

"Ni dai ban taɓa ganinki ba."

"Ina za ka gan ni, kana minshari kamar injin jirgin ruwa? Kyanwa na shan madara, fatalwa na shan yabo, ni ina shan ƙura. Jirgin Juma'a zan bi, in koma wurin yayata a Oban. Sai fa in ka buɗe bakin nan naka ka ce ka gode."

Na yi gyaran murya.

5. Yi tunani mai zurfi

Kwana biyu na yi ina juya zancen. In ƙarya take, na gode mata a kan aikin wata, fatalwa ta yi fushi ta tafi. In gaskiya take, to ita ce mai aikin ɓoyen, kuma ƙa'ida ta ce godiya korarta za ta yi. Ashe shirun nan nawa ƙauna ce. Na zana mata wannan duka a bayan ambulan, har da kibiyoyi.

Ta karanta sau biyu. Ta ce, "Sauko min da akwati, shehin malami."

6. Kada ka raka kowa bakin ruwa

Ni na raka ta, don akwatin da nauyi. Ana yayyafi. Tana tsaye cikin rigar sanyin da ta zo gidan da ita tana amarya, gwiwar hannu duk ta huje. Sai a ranar na lura da launinta. Koriya ce.

Na ruga shagon Farquhar na sayo sabuwa ta ulu, na miƙa mata.

"Na gode," na ce.

"Me ka ce? Iska ta yi yawa."

Babu wata iska. Na maimaita, har mai karɓar tikiti ya waiwayo.

Ta saka rigar, ta duba tsawon hannun, ta ce, "Ɗauko akwatin, tsoho. Mu je gida kafin kyanwa ta shiga tukunya."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan mataki na biyar, ba hannuna a ciki, don ni ma ban bi ba. Ƙa'idar dai gaskiya ce: tun ranar da aka ba da rigar nan, Mai Koriyar Riga ba ta sake taɓa tsintsiya ba. Kuma matakalar ɗari da goma sha huɗu ce, na ƙirga da gwiwata, don yanzu ni ke gogewa. A ta sittin Ishbel kan kawo min shayi, ta tsaya a kaina da sabuwar rigarta, ba ta sakin kofin sai na ce na gode.