Ranar da Aka Ɓoye Mu Saboda Injin Tafiya

Jama'a, yau da safe an ɓoye ni a ɗakin ajiye tsintsiya na asibiti. Ni da gemuna da sandata! Kuma ba ni kaɗai ba, akwai wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, da wata baiwar Allah da aka yi wa aiki a gwiwa. Laifinmu guda ne: ba mu da lafiya, ga shi ana jiran manyan baƙi.

Bari in faro muku daga tushe. Ni direban motar rarraba burodi ne. Kwanakin baya hukuma ta haƙa rami a layinmu za a sa bututun ruwa. Bututu bai shiga ba, ruwa bai shiga ba, ni ne na shiga. Ƙafar hagu ta karye, ita ce kuwa mai taka kuloci. Da aka kwance ɗauri sai na ga ta motse kamar ta aro. Mai gidan burodi ya ce zai riƙe min makullin mota zuwa ƙarshen wata, in ban ajiye sanda ba, ga ƙanin matarsa nan yana lasar baki. Wallahi na ji tsoro, don motar nan ita ce tukunyar gidana.

Malamar gashin ƙashi ta ce maganina injin tafiya. Wani bel ne ke gudana ƙarƙashin ƙafarka, ka riƙe ƙarfe hagu da dama, ka yi ta takawa a hankali har ƙafa ta yi ƙwari, kana tafiya ba ka zuwa ko'ina. Na ce, "Malama, ai wannan mun saba, haka ake tafiya da mu tun ina yaro." Ta nuna min shi a kusurwa, sabo fil cikin leda. Na yunƙura zan hau, ta ce a'a, ba a ƙaddamar ba. Sai Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanke kyalle.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Kullum a ce in dawo gobe, wataƙila an sa rana. Motocin haya duk suna layin mai, sai in ɗingiso tun daga gida. Shugaban sashe ya tura ni wurin mai kula da kaya, can benen ƙarshe. Shi kuma ya tura ni ofishin shirya taro, bayan tankin ruwa. Su kuma su ce oga ya fita, in leƙa kantin ma'aikata ko yana can.

Na kai kuka wurin maƙwabcina tela. Ko ɗago kai daga keke bai yi ba, ya ce, "Kai ma da gajen haƙuri. In ka hau kafin Mai Girma ya zo, ka warke, to wa za a gode wa?"

Yau dai rana ta zo. An shafe bango da fenti, an jera tukwanen fure na haya. Muna zaune muna murna sai ga wani mai kwat da waya a kowane hannu. Ya dube mu ya yamutsa fuska.

"Waɗannan fa?"

Malama ta ce, "Marasa lafiya ne, ranka ya daɗe. Su za su hau."

"A gaban kyamara? In ɗaya ya faɗi fa? A nemo mara lafiya mai kyan gani."

Aka kira mai gadin asibiti, ƙato mai wuya kamar turmi, aka sa masa rigar majinyata, aka naɗa masa bandeji. Mu kuwa aka tura mu wurin tsintsiya aka ja ƙofa.

Ta kafar ƙofa na sha kallo. Mai Girma, Allah ya ƙara masa tumbi, ya yi jawabi, ya yanke kyalle, mai gadi ya hau ya taka, aka yi tafi raf-raf. Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Sai Mai Girma ya ce shi ma zai gwada. Ya hau da takalmi sau-ciki mai santsi. Mai kwat ya ga lambar da aka sa wa mai gadi, ransa ya ɓaci, wai ta yaya babban mutum zai yi tafiya da saurin talaka? Ya danna maɓalli, ya danna, ya ƙara dannawa.

Innalillahi! Mutumin da rabonsa da gudu tun yana firamare, sai ga shi yana sheƙa shi, hula ta yi nata wuri. Yana ihu a tsayar, 'yan rakiya suna tafi suna cewa jarumi ne. Can bel ya tofar da shi, tim, cikin tukwanen fure.

Nan take aka gano mai laifi: inji ne. Aka ce za a kafa kwamitin bincike, wasu ƙarti suka cicciɓi injin suka yi waje da shi. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na banke ƙofa na bi su ina masifa, na sauka bene, na ratsa farfajiya, har bakin get. Sai na ji Malama a bayana tana haki.

"Baba direba, ina sandarka?"

Ashe na baro ta cikin tsintsiyoyi. Ta sa na tsuguna na miƙe, ta sa na tura tafin hannunta da ƙafa, ta ce, "Ƙafar nan ta yi ƙwari. Wane motsa jiki kake yi a gida?" Na ce babu, sai zuwa nan neman inji. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce gobe in je in karɓi makullina. Ni kam hawaye na yi, ba na ɓoye muku.

Don haka ina miƙa godiya ga hukuma. Ta karya ni, ta kuma warkar da ni da yawo, wane mai adalci ya kai ta? Tsohon nan ne dai abin tausayi, shi ba shi da ƙafar bin ofis-ofis, dole ya jira kwamiti ya saki inji. Kwamitin kuma ba zai fara zama ba sai Mai Girma ya warke ya zo ya ƙaddamar da shi. Ku riƙe wannan a cikinku, amma tela ya ji ƙishin-ƙishin cewa likitoci sun duba ƙugun Mai Girma, sun ce ba abin da zai tayar da shi sai injin tafiya.