Gammon da Na Raina

A shekarun da council, wato hukumar birni, ke ta rufe laburare a Birmingham, cocinmu na Small Heath da na 'yan'uwa a Manchester suka haɗa hannu, muka je wani ƙauye a arewacin Ghana haƙa rijiyar burtsatse. Har yau ina kewar tafiyar nan, musamman dariyar marigayiya Mama Ladi, shugabar zumuntar mata.

Ranar da ruwa ya fito, aka ce al'adarsu ita ce a kai wa tsohuwar da ta girme kowa bokitin farko, ta sha ta sa albarka. Na ce ni zan kai. Mutumin da ya ga yadda ake ɗaukar ruwa a Chadi da Habasha, wa zai koya masa?

Mama Ladi ta naɗe ɗankwalinta ta miƙo mini. "Baba, ga gammo. Kan nan naka ba gashi."

"Mun ɗauki tulu tun ba a haife ki ba," na ce.

Na tafi da ƙasaita, mata na waƙa a bayana. Ina rusunawa gaban tsohuwar, bokitin ya zame daga sanƙona, ya juye mata duka a jiki.

Ta share fuska a hankali, ta ce da Hausarta irin ta zangon Hausawan Ghana, "Sha aka ce, ɗana, ba wanka ba."

Mama Ladi ta rasu, amma ta bar wasiyya. Kowace Kirsimeti matan coci sai sun naɗo mini sabon gammo.